Kafin ka jefa kuɗi a hular mai wasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman 'ya'yanmu da ƙannenmu da karatu ko neman abinci ya kai Ingila, Faransa, Turkiyya da sauran ƙasashe.

Bidiyoyinku suna iso mana har ƙauyukan Ringim da Taura. Muna ganin mai kiɗa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da mai jujjuya wuƙaƙe a sama, da wanda ya shafe jikinsa da fenti ya tsaya ƙiƙam ko ƙyafta ido ba ya yi. Muna kuma ganin hannuwanku suna jefa kuɗi, wani ma da niyyar sadaka.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a ya san gardawa masu wasa da kura da maciji, ya san 'yan kama da maroƙa. Kuma babu wanda ya taɓa yi wa maroƙi liƙi ya koma gida yana cewa ya ciyar da miskini.

To a can ma sana'a ce. Tun 2003 hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta Landan take ba masu kiɗa lasisi da wurin tsayawa, sai an gwada mutum kafin a ba shi. A Paris ma haka ake tantance su. Da yawansu yanzu na'urar karɓar kati ce a gabansu. Abin da ka ba irin wannan mutum ladan nishaɗin da ya ba ka ne, don haka sai ka duba me ka saya.

Ba kowane wasa ne haramun ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasa da mashi a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo, Manzon Allah (SAW) yana kare ta da mayafinsa. Wasan gwaninta da babu tsiraici, babu batsa, babu da'awar tsafi, kyautar da ka yi masa ba laifi ba ce. Kasancewar mai wasan ba Musulmi ba ma bai hana a kyautata masa ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta bayyana haka. Amma inda ake rawa jiki a waje, ko ake waƙar shashanci, kuɗinka ne zai dawo da shi wurin gobe, Allah kuwa ya ce kada mu taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Kayan kiɗa kuma kun san mafi yawan malamanmu sun hana.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gida. Da aka tambayi Annabi (SAW) me za a ciyar, amsar da ta sauka a Baƙara aya ta 215 da iyaye ta fara, sannan dangi, marayu, miskinai da matafiyi. Hadisi kuma ya ce sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Fam biyar ɗin da ka jefa kana ɗaukar bidiyo, a nan kwanukan gero ne. Idan damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, akwai gwaggonka da take tsallake tuwon dare kuma har abada ba za ta kira ka ta faɗa ba. Irinsu ne Baƙara 273 ta ce wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai. Ba su da kalangu, ba su da lasifika. Kai ne za ka kira yayanka ko limamin unguwa ka tambaya, gidan wa ne ba a ɗora tukunya ba a satin nan.