Mai ɗaukar bidiyon waƙa sau ɗaya ake biyan sa, ku daina jin haushi in ya ce a ajiye kafin alƙalami

Kwanan nan ina yawan ganin mawaƙa suna ƙorafi wai masu ɗaukar bidiyo sun fiye son kuɗi, wai tun ba a kunna kamara ba mutum zai ce sai an ajiye rabi. Toh ni dai wannan sana'ar nake yi, ƙaramin kamfani ne da ni na bidiyon waƙa, kuma zan faɗi nawa ra'ayin ko da wasu abokan hulɗa za su ji ba daɗi.

Idan waƙa ta fita ta karɓu, mawaƙi yana samu a YouTube, yana samu a Spotify da Audiomack da sauransu, ana gayyatar sa wasa, kamfani ya ɗauke shi talla, furodusan da ya yi kiɗan ma in ya yi wayo yana da kason sa a rubuce. Shekara biyar, shekara goma, waƙar nan tana kawo kuɗi. Shi kuwa wanda ya ɗauki hoton fa? Abin da aka ba shi ranar nan shi ne nasa, shikenan. Ko mutum miliyan hamsin suka kalla babu abin da zai ƙaru a aljihunsa. Kai in ya ɗora bidiyon da ya yi da hannunsa a tasharsa ta YouTube don nuna aiki, tsarin Content ID ɗin nan na gano waƙoƙin da ke da masu su, da YouTube ta kawo tun 2007, zai gane waƙar, kuɗin tallan ya tafi wajen mai waƙa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Ban ce zalunci ba ne, haka tsarin yake tun asali, lokacin da MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙa, ta fara aiki a Amurka a 1981 ma bidiyon waƙa talla ne kamfanonin waƙa suke biya a yi musu don faifai ya sayu, darakta ɗan kwangila ne kawai. Abin da nake cewa, tunda kuɗin sau ɗaya ne, dole ya zo cikakke kuma ya zo a kan lokaci.

Sai kuma masu cewa "ka yi min wannan kyauta, in ta fashe sunanka zai fita". Ɗan uwa, sunan da ke fitowa na daƙiƙa biyu a farkon bidiyo ba ya biyan hayar fitila. Kuma abin da na lura da shi, wanda ka yi wa kyauta in ya samu ɗaukaka ba wajenka yake dawowa ba, babban darakta yake nema, domin yanzu yana da kuɗin biya. Wanda zai turo maka kuma wani ne irinsa mai neman kyauta.

Mutane suna ganin ranar shutin kawai, shi ya sa suke ganin kuɗin ya yi yawa. Kafin ranar akwai sauraron waƙar har ta gundire ka, akwai rubuta tsarin yadda hoton zai kasance a tura wa mawaƙi da manajansa (wanda sau da yawa ba a biya, kuma wani ya karɓi tsarin naka ya kai wa mai araha ya ɗauka), akwai yawon duba lokeshan da neman izinin masu wuri. Ranar aiki kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai mai haske, mai riƙe kamara ta biyu, mai kwalliya, 'yan rawa, mota, janareta in babu wuta, duk waɗannan a ranar suke son kuɗinsu, ba ruwansu da cewa mawaƙi bai cika balas ba. Daga aljihun wa za a biya su in ba a ba da kafin alƙalami ba? Mai ƙaramin kamfani ba banki ba ne.

Bayan nan sai editin, wanda shi ne ainihin inda lokaci yake tafiya. Waƙar minti uku an maimaita ta daga farko zuwa ƙarshe a kowane wuri, da kowace kusurwa ta kamara, duk sai an daidaita bakin mawaƙi da sautin. In ana son hoto mai tafiya a hankali kuma bakin ya dace, sai an ɗauka da firam (hotuna ɗai-ɗai) 48 maimakon 24 a daƙiƙa, a ninka saurin waƙar a lokeshan mawaƙi ya bi ta a guje, in an rage gudun a kwamfuta sai ta zauna daidai. Ga gyaran kala. Ga fayil ɗin 4K, wato hoto mai tsananin kyau, da ke cinye hadi dis (ma'ajiyar fayil) kamar me, kuma dole ka ajiye aƙalla kwafi biyu a wurare daban, don in dis ɗaya ya mutu babu wanda zai sake tara maka mutanen nan.

Wani abu da ya ƙara mana aiki ba tare da ya ƙara mana kuɗi ba shi ne hoton tsaye. Da can bidiyo ɗaya ake bayarwa, a kwance, 16:9. Tun da TikTok ta mamaye, Instagram ta kawo Reels a 2020, YouTube ta baza Shorts a 2021, kowane mawaƙi yana son guntaye a tsaye, 9:16, wani ma ya ce biyar, wani goma, kuma a tunaninsa ai yankowa kawai za ka yi. Ba haka ba ne wallahi. Hoton da aka tsara a kwance da mutum uku a jere in ka yanke shi a tsaye biyu sun fita, sai dai tun a lokeshan a ɗauka da wannan lissafin. Aiki ne daban, a sa masa kuɗinsa daban.

Amma fa mu ma masu sana'ar akwai inda nake ganin muna cutar kanmu, musamman sababbin shiga. Haukan sayen kamara. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 aka ga ƙaramar kamara na iya ba da hoto mai kama da na silima, ƙofa ta buɗe wa kowa, wannan alheri ne, amma kuma ya sa kowa yana ganin kamara ita ce sana'ar. Yaro zai ci bashi ya sayi sabuwar Sony, bayan shekara biyu wata ta fito farashin tasa ya faɗi, bashin kuma yana nan. Alhali kamarar da za ka yi aiki da ita kwana uku a wata haya ta fi maka, ka sa kuɗin hayar cikin lissafin aikin. Abin da ya kamata ka mallaka shi ne kwamfuta mai ƙarfi da wurin ajiya da 'yan fitilu, manhajar editin ta DaVinci Resolve ma akwai na kyauta kuma ya isa a yi aiki mai kyau. Ni ban taɓa jin mai kallo ya tambayi wace kamara aka yi amfani da ita ba, haske mara kyau kuwa kowa yana gani.

Sai rashin rubuta yarjejeniya. Ba sai an kira lauya ba, shafi ɗaya ya isa, ko saƙon WhatsApp da kowa ya amsa da "na yarda". A rubuta nawa ne kuɗin, rabi kafin aiki, ciko kafin a miƙa fayil na ƙarshe mara tambarin kamfaninka a kan hoton. A rubuta gyara sau nawa ne, ni biyu nake bayarwa, na uku da kuɗi, domin in ba ka sa iyaka ba mawaƙi zai nuna wa abokansa, kowa ya kawo nasa ra'ayin, a dawo maka da "cire wancan, mayar da na farkon" har wata biyu. A rubuta awa nawa ne ranar aiki, in mawaƙi ya zo a makare rana ta faɗi, wa zai biya kwana na biyu. Sannan ɗanyen hoton da ba a yi editin ba, na waye, kuma har yaushe za ka ajiye shi? Wannan tambayar ita ta fi haɗa faɗa, bayan shekara guda mutum zai kira ka ya ce ka turo masa komai zai ba wani edita.

Na san akwai mawaƙan da da gaske ba su da shi, masu tasowa, kuma ina aiki da su. Amma abin da nake yi shi ne in rage aikin ya dace da kuɗin, wuri ɗaya, rabin yini, mutum biyu, babu 'yan rawa babu jirgin ɗaukar hoto, kuma a biya ni wannan ɗin cif. Wasu daga cikin ayyukan da na fi so ma a haka aka yi su. Wanda ba zan ƙara karɓa ba shi ne mai zuwa da tsarin wuri huɗu da motocin haya da kaya kala shida, sannan ya ce nawa kuɗin sai waƙa ta fita.