Megabait 100 sun kusa kashe min aure

Wallahi ni taimako na je yi. Laptop ɗin uwargida ce ta cika maƙil, C ya yi jajir, kullum ƙorafi ba wajen ajiye projet ɗinta ga hotunan biki, nace kawo nan ai mu ne injiniyoyin gidan. Ina buɗe Disk Management sai na ga ashe hadis ɗin, wato hard disk ɗin da ke ajiye komai na kwamfuta, a yanyanke yake gida-gida, ga babban C, ga wani na rikabari, ga kuma wani ɗan mitsitsi mai megabait 100 an rubuta masa EFI, ba harafi, ba ya buɗuwa, yana zaune abinsa kamar ɗan haya da ba ya biyan kuɗi. Nace to da kai za a fara.

Windows ta ƙi fur, wajen gogewar ma ya dushe ba ya dannuwa. Ni kuwa ba a min gardama a gidana, na garzaya YouTube wani bawan Allah ya koya min shiga diskpart in rubuta delete partition override. Ya goge tas. Na yi ristat ina kaɗa ƙafa.

Baƙin allo. Boot Device Not Found, a ƙasa kuma 3F0.

Nan fa zufa ta fara keto min duk da fanka na kaina. Na danna F10 na shiga BIOS, wajen saita yadda kwamfuta ke tashi, na kashe Secure Boot, na mayar da ita Legacy, na dawo UEFI, na sake komawa Legacy, na cire batir na hura masa iska na mayar, kai har tofi sai da na yi wa madannan. Sai ga ta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, "Malam ya ake ciki?" Nace afdet take yi. Tace afdet da baƙin allo? Nace sabon salo ne. Tace to Allah ya sa, Litinin dai zan kai wa sufabaiza babi na huɗu.

Da sassafe na saka ta a jaka na sulale sai Beirut Road, layin 'yan kwamfuta a Kano. Wani ɗan saurayi ko gemu bai fara ba ya karɓa yace Baba me ka taɓa? Nace ba abin da na taɓa, haka kawai ta yi. Ya soka filashin Windows, ya danna Shift da F10, ya rubuta list partition, ya ɗago ya kalle ni ya daɗe. "Baba, haka kawai EFI ba ya tashi ya bar gari fa." Makwabcinsa ya kwashe da dariya har da buga tebur.

Ashe a cikin ɗan mitsitsin nan ne fayilolin da ke nuna wa kwamfuta inda Windows take suke zaune, ita Windows ɗin tana nan lafiyarta ƙalau, hanyar zuwa gare ta ce babu. Wahalar Legacy da na sha kuma duk a banza tunda hadis ɗin tsarin GPT ne, wanda Windows ba ta tashi a kansa sai da UEFI. Ya sake yanko megabait 100 ɗin, ya yi masa fomat FAT32, ya buga bcdboot da ke mayar da fayilolin, ya mayar da BIOS kan UEFI, kafin in gama shan fiya wata laptop ta tashi, projet na nan hotuna na nan. Kuɗin da ya caje ni kuwa ya isa in sayo filashi mai gig 64 har da canji.

Na dawo gida ina cewa afdet ya kammala, ashe yaron ya manna sitikar shagonsu a bayan murfi har da lambar waya. Yanzu dai an saka wa laptop ɗin faswod, autanmu ɗan firamare ya sani, ni an hana ni.