Malamarmu Ta Rasu, Aka Yi Ta Karanta Muƙaman 'Ya'yanta

Akwai wata ɗabi'a tamu da na daɗe ina jin nauyinta a zuciya, kuma rasuwar malamar da ta koya mini karatu a firamare a Wusasa ta sa na ga ya kamata in faɗe ta a fili. Idan dattijuwa irinta ta huta cikin Ubangiji, takardar jana'izarta takan cika da muƙaman 'ya'ya da jikoki, wannan likita ne, wancan lauya ne, waccan tana Ingila, sannan a taƙaita shekarun da ta yi a gaban allo cikin layi ɗaya, a ce ta yi aikin koyarwa har ta yi ritaya. A ganina wannan rashin adalci ne, ko da kuwa da ƙauna aka yi shi.

Duk wanda ya san tarihin Wusasa ya san sunayen mazan da ta fitar. Likita Mila, Bature ɗan mishan, ya kafa mishan a birnin Zariya a 1905, aka mayar da shi Wusasa a 1929, kuma daga wannan ƙaramin gari ne Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon suka taso. Amma wa ya fara riƙe hannun yaran garin ya ɗora shi a kan alli? Matan da suka yi wannan aiki tsara bayan tsara, sai dai a ji labarinsu a bakin tsofaffi.

Mama, kamar yadda kowa yake kiranta har da waɗanda suka girme wa 'ya'yanta, tana cikin matan da suka riƙe azuzuwa lokacin da gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi ta kwarara makarantu fiye da yadda kujeru da malamai za su iya ɗauka. Ajinmu cike yake da 'ya'yan Kirista da na Musulmi, kuma ban taɓa ganin ta bambanta su ba, a yabo ko a bulala, domin bulalarta ma, in faɗi gaskiya, ba ta da sauƙi. Yaron da ya zo babu karin kumallo takan gane shi tun kafin a gama kiran suna, ta aike shi gidanta da wani uzuri, ya dawo ya ci ya ƙoshi ba tare da an kunyata shi a gaban 'yan ajinsu ba.

Bangaskiyarta kuwa ba ta surutu ba ce. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, shi ne abin karatunta kowace asuba, kuma da shi ta koya wa matan ƙungiyar Zumunta ta majami'a da ba su taɓa shiga aji ba haɗa baƙi, har suka iya buɗe littafin waƙoƙi da kansu ranar Lahadi. Gidanta bai taɓa rabuwa da 'ya'yan dangi daga ƙauye ba, kuma daga albashin malamar firamare, wanda kowa ya san girmansa, ake biya musu kuɗin makaranta. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a kujerun gaba ranar jana'izar ba ita ta haife su ba.

Na san wasu za su ce 'ya'ya nagari su ne shaidar uwa, don haka ambatonsu ambatonta ne. Ban musa ba. Sai dai wannan ma'auni yana zubar da malamar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta ba su yi suna ba, alhali ɗaruruwan mutane sun iya rubuta sunayensu ta dalilinta.

Sa'anninta kaɗan ne suka rage, kuma wasunsu har yanzu suna bin layin tantancewa domin fanshon da ba ya isar su sayen magani. Wanda yake da ɗaya daga cikinsu a gida ko a majami'a, ya zauna da ita da wayarsa ya naɗi muryarta, ya tambaye ta kwalejin da ta yi, da garuruwan da aka tura ta, da albashinta na farko, da sunayen abokan aikinta da suka riga mu gidan gaskiya.