Hayaƙi a Ƙofar Gidan Ango

Tun da bidiyon hayaƙin da ya tashi a motata ranar kai amarya ya riga ya zaga, gara ku ji daga bakina kafin 'yan majalisarmu su gama zuba masa gishiri. Motar ba ta ƙone ba. Kafet ne ya ƙone, shi ma gefe guda, sai kuma hulata.

Kun san Golf ɗina, kun kuma san an sa ni cikin masu kai amarya Daura. Ana gab da biki na sayi amfilifaya, wato amfin ƙara ƙarfin kiɗa, da ƙatuwar sifika wajen wani yaro a Ƙofar Ƙaura, an rubuta 3000W, wato wat 3000, a kwalin da jan rubutu. Ɗan gwaggona, wanda kuke ce wa Injiniya don ya taɓa yi wa shaguna wayarin a unguwa, ya ce kada in ɓata kuɗina wajen masu wayarin mota, yana da ragowar waya mai kauri 2.5 ta aikin wani gida. Wai wayar da ke ɗaukar dutsen guga da firij, kiɗan mota ne zai gagare ta? Ya jawo ta daga kan batir, ya cusa ta cikin wata huda da ya gani bayan inji, ya bi da ita ƙarƙashin kafet har but. Na tambaye shi fiyus, ku shaida na tambaya, ya ce ai akwai a jikin amfin. Aka kunna, gilashi ya kama rawa, yaran layi suka taru.

Bayan magariba muka tashi. Aka zuba mini gwaggwannin amarya uku a baya, gaba kuma ƙawar amarya, wadda kun san ko wace ce, kun kuma san don wa aka sayi amfin. Muna wuce Mashi na lura duk sa'ad da ganga ta buga, fitilun gaba sai su yi ƙasa su dawo. Ta ce, "Motar taka har da fitila take rawa." Na ce mata ai haka tsarin yake, na ƙara murya.

Wajen Shargalle wani wari ya fara tasowa. Babbar gwaggo ta shaƙa, ta juya ta dubi ta kusa da ita, ta ce, "Ke, wanga turaren wuta naki ina kika saye shi? An cuce ki." Waccan ta ce ita turarenta daga Maiduguri aka kawo mata, sai dai in na wasu ne. Suka yi ta yi har muka shiga gari, ni kuwa na gode Allah da suka sami abin yi suka bar ƙorafin ƙarar kiɗa.

Ƙofar gidan ango an kafa rumfa, janareta na aiki, maza sun cika kujeru, mata na guɗa. Mota ta uku ce tawa a jerin. Na sauke gilashi, na murɗe murya har ƙarshe don Daurawa su san Katsinawa sun iso. Sai ɗif. Kiɗa ya ɗauke, hayaƙi fari mai kauri ya taso daga wajen ƙafafuna.

Ban taɓa sanin tsofaffi na da irin wannan sauri ba. Babbar gwaggo, wadda sai da mutum biyu suka kama ta kafin ta shiga mota a Katsina, ta fice ta ƙofar da ba tata ba, ta tsallake ta tsakiya, ta bar takalmi ƙafa ɗaya da jakar goro. Salati ya kaure. Wani ya ce fetur, wani ya ce a kwashe yara, amarya da ke motar gaba lulluɓe tana kuka ta yaye mayafi tana leƙe. Wani bawan Allah ya fara watsa mini ƙasa cikin mota da kwanon tuwo. Ƙawar amarya kuwa ban ga fitarta ba, sai hango ta na yi can bayan rumfa tana karkaɗe leshi.

Na buɗe bonet. Na san dai a cire kan batir, amma sifana mai lamba goma tana but, ƙarƙashin akwatin sifikar da Injiniya ya ɗaure da kusoshi. Ina tsaye ina juyi, sai na ji iska a kaina.

Wani dogo mai koren yadi, ban san shi ba, ban taɓa yi masa komai ba, ya fizge hulata ya naɗe hannunsa da ita, ya kama kan batir ya yi ta murɗawa har ya fita. To, ya ceci mota, ban musa ba. Amma jama'a, mutumin nan da hula a kansa. Tasa hular, wata tsohuwa da ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba, tana zaune daram. Akwai hankici a aljihunsa na gaba, na ga bakinsa ya leƙo. Akwai tsumma a cikin bonet ɗin kansa, kusa da hannunsa. Duk ya bar su ya zaɓi zanna bukar ɗina sabuwa, wadda ranar na fara sa ta, aka yi mata wanki da kari musamman don bikin. Da ya gama ya miƙo mini ita da baƙin mai da ƙonar ruwan batir, ya ce, "Ba komai, yi wa kai ne." Mutane suka yi ta sa masa albarka. Daga baya na gan shi cikin rumfa an ajiye masa faranti biyu. An ce wai ɗan'uwan uwar ango ne, wasu sun ce ba gayyatarsa aka yi ba. Duk wanda ya san shi ya faɗa masa ina nan.

Da a nan aka tsaya da na haƙura. Ashe maƙwabcin ango mai wayarin mota ne, dattijo, aka kira shi ya zo da wani almajirinsa da bai wuce shekara goma sha biyu ba. Aka haska musu da fitilun waya. Dattijon ya jawo wayar, robar ta narke ta manne da kafet, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Alhaji, wa ya yi maka wanga aiki?"

Na waiga neman Injiniya. Motarsu ce ta biyar, na ga isowarta da idona. Babu shi babu dalilinsa.

Dattijo bai ma yi mini bayani da kansa ba, sai ya ce wa yaron, "Kai, gaya mashi." Yaron ya gyara tsayuwa ya ce, "Yallaɓai, wutar gida 230 ce, ta mota 12. Abu mai wat 1000 a gida bai kai amfiya 5 yake ja ba. A mota kuwa sai ya ja sama da 80. Ita waya ba ruwanta da wat, amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikinta, ke gasa ta." Wani a bayana ya ce, "Allahu akbar." Yaron ya leƙa but, ya zaro fiyus biyu daga jikin amfin, ya ce kowanne amfiya 30 ne, ke nan 60. In ka ninka da 14 da mota ke bayarwa in inji na aiki, wat 840 ke nan, kuma wani kaso yana tafiya a zafi. Ya dube ni ya ce, "3000 ɗin a kwali kawai take." Aka kwashe da dariya, har da uban ango.

Sannan dattijo ya karɓa. Ya ce 2.5 ta soket ce, amfiya ashirin da 'yan kai ne ƙarfinta, ni kuma na sa ta ɗaukar 60 tsawon kusan mita 5. Wai na kora shanun kasuwar Mai'aduwa ta ƙofar ɗaki. Ta yi ta zafi tun daga hanya har robar ta yi laushi, bakin hudar da aka cusa ta ba a sa masa roba ba, ƙarfe ya yanke ta, tagulla ta taɓa jikin mota. Fiyus ɗin amfi amfin kaɗai yake karewa. Wayar da ta taso daga batir tata ake sa mata daban, kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya, don in ta taɓa ƙarfe a hanya shi ya tsinke kafin ita ta kama. Ya ce irin wannan amfi waya mai kaurin geji 4 yake so, kuma a lissafin geji ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 8 ta fi 10, 4 ta fi 8, masu manyan kaya har 0 suke sawa. Geji 4 ta fi tawa kauri sau takwas. Wadda ake ɗaurewa a jikin mota ita ma kaurinsu ɗaya, gajera, a kankare fenti ta zauna kan ƙarfe tsura.

Na ce to, na gode, Baba. Ya ce bai gama ba. In na je saye in kankare bakin wayar da wuƙa, in cikin ya fito fari alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ba ta ɗaukar abin da tagulla zalla ke ɗauka, sai an ƙara kauri. Kada kuma kaurin roba ya ruɗe ni, a yanka in ga cikin. Duk wannan ina tsaye ba hula, da ƙasa a takalmi, masu waya na ɗaukar bidiyo. Ana mana kirari kunya gare mu ba dai tsoro ba, ni daren nan duka biyun na sha.

Babbar gwaggo ta aiko a ba ta takalminta da goronta, ta kuma ce ko a kan jaki za ta koma Katsina amma ba motata ba. Har yau ba ta janye maganar turaren ba, ta ce wari biyu ta ji. Ƙawar amarya ta koma a motar abokin ango mai Corolla, wanda ko rediyonsa ba ya kamawa.

Ni da kujeru na dawo da safe, ƙasa na ta zubowa daga cikin giya. Injiniya ya ɓullo da yamma, ya ce shi tun farko ya so ya ninka wayar biyu, ita ce ba ta isa ba. Ya kuma tuna mini akwai cikon kuɗin aikinsa.