Ga Mai Saitin Yini Ɗaya

Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma abin da aka ajiye mini a kan teburin aiki ranar Asabar ɗin makon jiya ya sa dole in amayar da ita. Ba zan kama suna ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Wata baiwar Allah ce ta shigo shagonmu da hanfan ɗinta goye a baya. Ga 'yan'uwan da ba su taɓa ganin hanfan ba, ganga ce ta ƙarfe, kamar an kife kasko biyu baki da baki an manne su da gam. Faɗinta wajen santimita 53 zuwa 55, kaurin ƙarfen kuwa milimita ɗaya ne ko da ɗan ɗori. A cinya ake ɗora ta, a kaɗa da yatsu. A sama akwai cibiya a tsakiya wadda ake kira Ding, muryoyi bakwai ko takwas sun kewaye ta, kowace da filinta, wato ɗan wurin da ake bugawa ta fito, a ƙasa kuma akwai rami da ake kira Gu.

Matar nan aikin jinya take yi, yawanci da dare. Fiye da shekara tana tara kuɗi kafin ta mallaki gangar. Wata rana gangar ta suɓuce daga kan kujera, murya ɗaya ta ɗan sauka. Sai matar ta kai wa wani da ke cika intanet da bidiyon kansa riƙe da guduma. Ya karɓa da safe, ya ce ta dawo da yamma. Da ta dawo ya nuna mata allon waya, na'urar awon sauti ta tsaya cak, ta biya, ta yi godiya. Kwana goma sha biyu tsakani, muryar ta zube, har ta fi yadda take a da muni. Ta koma masa. Ya ce hannunta ne ya cika nauyi, kuma wataƙila ta bar ta a rana.

Wannan amsar ce ta fi ɓata mini rai. Matar ta zo wurina tana sunkuyar da kai, tana cewa ta san laifinta ne. Wallahi ba laifinta ba ne. Zafin rana yana saukar da murya, gaskiya ne, amma da ƙarfen ya huce take komawa mazauninta. Muryar da aka kafa da kyau kuma, yatsan mutum ba ya tumɓuke ta. Ka ɓata wa mutum kaya, ka karɓi kuɗinsa, sannan ka ɗora masa laifi ya tafi gida yana zargin hannunsa? Haba malam.

Na karkata gangar a ƙarƙashin fitila. Sawun guduma ne birjik a tsakiyar filin muryar, kamar inda kaji suka yi tono. Na danna da babban yatsa a hankali, sai na ji wurin ya lotsa ya dawo, ɓas, irin ta murfin gwangwani. Duk wanda ya san aikin nan, wannan ƙarar kaɗai ta gaya masa komai.

Abin da mai saitin yini ɗaya bai sani ba, ko ya sani ya take, shi ne kowace murya a jikin hanfan sauti uku ce a haɗe. Akwai uwa, akwai 'ya'ya biyu. Muryar da ya taɓa, uwarta tana girgiza sau 220 a daƙiƙa. 'Yar farko dole ta ninka biyu, 440, kuma tana zaune ne a tsawon filin. 'Ya ta biyu ta ninka uku, 660, tana zaune a faɗinsa. Ɗaya, biyu, uku. In sun daidaita sai ka ji muryar ta buɗe tana ta shawagi bayan ka ɗauke yatsa. Wahalar ita ce ba ka taɓa ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Ka ɗaga uwa, 'yar farko ta gudu. Ka kamo ta, ta biyu ta kauce. Shi ya sa ake bugu kaɗan, a saurara, a sake bugu kaɗan, wani a kafaɗar filin, wani daga ciki ta ramin Gu, an rufe sauran muryoyin da mayen ƙarfe don kada su sa baki. Shi kuwa gwanin namu uwar kawai ya dannawa har lambar ta fito a waya. 'Yar farko na same ta can sama tana karo da uwar, kunne na jin wau-wau-wau. Ta biyu kuwa ta mutu murus.

Ko da ya dace duka ukun sun hau layi a ranar, aiki bai ƙare ba, kuma a nan ne ake rabuwa tsakanin maƙeri da mai riƙe guduma. Ƙarfe yana da riƙo. Duk bugun da ka yi masa yana ajiye shi a jikinsa, kuma a hankali yake saki. Lokacin ƙira, kafin a manne kaskon biyu, sai an yi saitin farko, a sa a tanda wajen digiri 400 don ƙarfen ya sauke abin da ya ƙunsa, a bar shi ya huce, a sake saiti, wani lokacin a maimaita. In aka manne, muryoyin su sake motsawa, a jira gam ya kama, a sake bi. Gangar da aka riga aka manne kuwa ba ta komawa tanda, don haka mai gyara ba shi da abokin aiki sai lokaci. Ka saita, ka kaɗa ta da ƙarfi fiye da yadda mai ita zai taɓa kaɗawa, ka ga ko za ta gudu. In ta gudu, gara ta gudu a hannunka. Ka ajiye ta ta kwana, ta kwana biyu, ka sake aunawa. Sai ranar da ka doke ta ta ƙi gusawa, ka bar ta kwanaki ka tarar da ita inda ka bar ta, sannan ka kira mai ita.

An kawo mini labari wai ana cewa ina riƙe kayan mutane mako uku don in nuna isa, wai nawa ce da ni. Na ji. Sauri ne ya haifi nawa, kuma ga ɗan da ya haifa a kan teburina.

Mutanen da suka share mana hanyar nan ba su yi gaggawa ba. A Tirinidad, tun shekarun 1940 su Ellie Mannette suke dukan duron mai har suka fitar da ganga daga cikinsa, kuma sai daga baya Bertie Marshall ya kawo dabarar saita 'ya'yan murya tare da uwa. A birnin Bern na Suwizalan, Felix Rohner da Sabina Schärer sun shafe shekaru suna ƙera irin gangar Tirinidad kafin su fito da Hang a shekarar 2000, wadda ita ce kakar duk wata hanfan da ke duniya yau. Ni ma shekara biyu na yi a nan Jamus ina dukan kaskon gwaji kafin maigidana ya yarda in taɓa gangar mutum. Wanda ya sayi guduma bara, bana har yana tallar koyar da wasu. Ganga in ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Rashin sani ba abin kunya ba ne. Da ya ce wa matar nan, "'Yar'uwa, wannan ya fi ƙarfina, kai wa wane," da na girmama shi, da kuma aikin minti talatin da jiran mako guda sun wadatar. Yanzu ƙarfen wurin ya miƙe ya saki, kuma abin da guduma ta shimfiɗa ba ya tattaruwa gaba ɗaya. Na gaya mata gaskiya tun ranar farko: muryar za ta dawo daidai, amma doguwar shawagin nan da take yi a da, ba duka za a samu ba. Ta yi shiru, ta shafa gefen gangar, ta ce in yi iya abin da zan iya.

Yau kwana tara ke nan. Uwa da 'yar farko sun zauna tun ranar Talata ba su motsa ba. Ta biyun ta farfaɗo, amma jiya da na doke ta ta ɗan zame ƙasa, na mayar da ita. Gangar tana can kan kanta a lulluɓe da zane, ba zan sake ɗaukar guduma a kanta ba sai Juma'a.