Wai "Kwalta Ba A Cinta"?

Tun jiya da daddare maganar nan ke cin raina. Muna zaune wajen mai shayi a Tudun Wada, wani ya ce wai ɗan majalisarmu ɓata bakinsa kawai ya yi da ya miƙe yana neman a sa kuɗin hanyar Gusau zuwa Dansadau cikin kasafi. Wai gara ya raba shinkafa da babura, "ai kwalta ba a cinta".

Ana cinta mana, Malam! Masarar tuwon gidanka, da dawa da waken suya da ke shigowa kasuwar Gusau, daga sama suke faɗowa? Je ka tambayi manoman Dansadau. Tafiyar kusan kilomita 100, wadda kan hanya mai kyau ba za ta wuce awa biyu ba, sai mutum ya yini a kanta, bayan ya gama jiran rakiyar sojoji. Direba ya ƙara kuɗin ɗauko kowane buhu saboda ramuka sun cinye masa taya. Ɗan kasuwa ya karya wa manomi farashi tun a gona. Kai kuma ka zo awo ka biya duka. Wannan ramin da kake rainawa yana cikin kowane kwanon da ka auna.

Ba a maganar tsaro ma. Inda mota ke rage gudu saboda rami, nan 'yan bindiga ke tsare ta, kuma ramin nan ne ke hana ɗauki isowa da wuri.

Da daminar bara ƙanwata ta fara naƙuda a ƙauye. Motar da ta ɗauko ta ta kafe cikin laka kafin Magami. Maza na cusa itace da duwatsu ƙarƙashin taya, ita kuma tana riƙe da hannun Goggo, ko kuka ta kasa. A cikin motar nan ta haihu. Allah ya kiyaye, amma ba kowace mace ke dawowa gida da ɗanta a goye ba. Wane buhun shinkafa ne zai fitar da wannan mota?

Na san za a ce zaɓe ne ya matso, ko kwangila yake hange. To, sai me? Ya hanga, a yi mana hanya. Shinkafar rabo sati biyu ta ƙare. Abin da ya kamata mu matsa masa a kai shi ne ya bi kuɗin har a sake su, don rubutawa a kasafi daban, ganin katafila a bakin aiki daban. Tun 1996 aka ba mu jihar nan ta Zamfara, mun gaji da jin "za a yi".

Af, sai yaran nan masu cike ramuka da jar ƙasa suna ɗaga wa direbobi hannu. Ranar Talata da hantsi na ƙirga su, har da wanda shebur ɗinsa ya fi shi tsawo, lokacin da sa'o'insa ke cikin aji. Iyayensu na ina ne, jama'a?