Baƙo ya zo ganinki ne, ba ganin kaskon suya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da ma mazan da ke leƙa kicin. Yau rubutuna zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ƙaramar Sallar da ta wuce Gwaggona ta zo mana daga Damagaram. Sau ɗaya take zuwa a shekara, tafiya ce mai nisa ga mace mai shekarunta. Ta iso bayan Azahar, na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, na ce Gwaggo bari na ɗan haɗa miki abin taɓawa kafin abinci ya sauka. Daga nan na shige kicin. Na murza fulawa, na naɗe samosa, na soya cincin sabo don na ga wanda ke roba ya yi kwana biyu, na ɗora fanke. Ina jiyo muryarta tana hira da yara, ina cewa a raina yanzu zan fito. Ban fito ba sai da aka kira La'asar. Da na dire mata faranti uku a gabanta, ta ɗauki samosa guda, ta gutsura, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ni ke na zo gani. Da suya nake so ai akwai ta a garinmu." Ba da faɗa ta faɗa ba. Amma maganar ta zauna mini, don direban da ya kawo ta ya riga ya tsaya a ƙofa, za ta kwana gidan Kawu ne, kuma duk zamana da ita bai kai minti ashirin ba.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, wa ya ɗora mana wannan dokar cewa ba a karrama baƙo sai an tafasa mai? Iyayenmu da kakanninmu ƙwaryar fura suke damawa, ko su miƙo goro da ruwan randa, su zauna a tabarma ɗaya da baƙo. Mu kuma mun mayar da tarbar baƙi jarrabawa, kowace tana tsoron a fita a ce gidan wance ba a ba mu komai ba. Sai baƙo ya zauna shi kaɗai da talabijin, uwargida tana can hayaƙi na cin idonta.

Abin da ya fitar da ni daga wannan halin ɗan ƙaramin abinci ne na mutanen Italiya, kuma shi nake son na ba ku labarinsa. Ƙanwar maigidana ce ta koya mini, ita ta yi karatu a birnin Perugia. Gasasshen burodi ne da ake shafa wa wani farin cuku mai taushi, sunansa ricotta, bayan an buge shi ya yi laushi kamar man shanun da aka fitar yanzu. Minti goma ya ishe ki. Babu suya, babu fulawa a hannu.

Ku bar ni na ɗan tsaya a kan ricotta ɗin, don tarihinsa ne ya sa na ƙara ganin girmansa. A harshen Italiyanci kalmar tana nufin abin da aka sake dafawa. Makiyaya idan sun yi cuku da madarar tumaki, akwai wani ruwa tsararo mai ɗan rawaya da ke raguwa a tukunya. Cukun na sayarwa ne. Ruwan kuwa, maimakon a zubar, sai su mayar da shi kan wuta har ya kusa tafasa. Akwai sauran sinadarin gina jiki a cikinsa wanda bai kama ba a dahuwar farko, zafi ne kawai ke sa shi ya dunƙule. Sai ya taso sama fari tas kamar auduga, a kwashe a hankali a zuba a 'yan kwanduna ya tsane. Wato abincin talaka ne, abin da makiyayi ke ci bayan ya ware na kasuwa. Yau shi ne ake cusawa a cikin cannoli, kayan zaƙin da tsibirin Sisili ya yi suna da shi, kuma tun 2005 Tarayyar Turai ta ba wa Ricotta Romana, na yankin Lazio da ke kewaye da birnin Rum, kariyar suna, ba wanda zai sa wa nasa wannan sunan sai da ruwan madarar tumakin yankin ya yi shi.

Shi ma burodin haka yake. Abin da suke kira bruschetta asalinsa burodin da ya kwana ne ya fara tauri, manomi ya gasa shi a kan garwashi, ya goga masa tafarnuwa, ya ɗiga man zaitun da gishiri. Suna da wani rukunin abinci da suke kira antipasto, wato abin da ake ci kafin abinci, kuma amfaninsa ke nan, a riƙe baki ana hira kafin a kawo babban kwano. Bugun ricotta ya yi kumfa a shafa a burodi ya fi yin tashe a gidajen cin abinci na Amurka, inda 'yan asalin Italiya suke da yawa, daga nan ya bazu a intanet. Amma tushen duka biyun ɗaya ne, mutanen karkara da ba sa zubar da komai.

Na san tambayar da ke bakinku: ina za mu samu ricotta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi? Wasu manyan kantuna a Abuja da Legas kan kawo, da tsada, kuma ba kullum ba. Ni ban saya. Ina yin abin da ya yi kusa da shi a gida, kuma zan faɗi gaskiya, wanda ake yi da madara da lemun tsami ba ricotta na asali ba ne, tunda ba daga wancan ruwan aka fitar da shi ba. Ɗan uwansa ne. Amma a kan burodi, bayan an buge shi, bambancin kaɗan ne, wani ma ya fi son na madarar don ya fi maiƙo.

Ga yadda nake yi. Madarar shanu lita 1, sabuwa, wadda ba ta fara tsami ba. Idan kina da mai kawo miki daga ruga, kin huta. Idan babu, ki dama madarar gari mai cikakken mai, ta yi kauri kamar ta sha. Ki duba gwangwanin ko ledar, akwai wadda aka cire mata man nono aka sa man itatuwa, ita ba ta ba da daɗi. Madarar kwali mai daɗewa ba ta lalace ba ita ma ba ta kamawa sosai, saboda tsananin zafin da aka ba ta a masana'anta. Ki ɗora a wuta marar ƙarfi da ɗan gishiri, kina juyawa don kada ta kama a ƙasa, har ki ga tururi yana tashi, ƙananan kumfa sun zagaye bakin tukunya. Masu ma'aunin zafi, wajen digiri 85 ke nan. Idan ɗanyar madara ce daga ruga, kada ki yi gaggawa a nan, ki bari ta yi zafi sosai ta ɗan jima, don akwai cututtukan shanu da ke bin ɗanyar madara su kama mutum. Sai ki sauke, ki zuba ruwan lemun tsami cokali 2 zuwa 3, ki juya sau ɗaya kawai, ki bar ta minti 10. Za ki ga ta tsinke, fari gefe, ruwa gefe. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a rariya, ki juye, ki bar shi ya tsane minti 15 zuwa 20. Kada ki matse shi kamar awara. Idan ya bushe da yawa bugun ba zai yi kyau ba. Za ki samu kusan kofi guda.

Ruwan da ya rage kada ki zubar, kin dai ji daga inda labarin ya faro. Ni da shi nake kwaɓa fanke ko na zuba a miya.

Wannan aikin da daddare nake yin sa ko da safe, na rufe na sa a firiji, yana kwana biyu zuwa uku lafiya idan wuta ta tsaya. Idan unguwarku irin wadda ake kwana biyu ba a ga wuta ba ce, ki yi na ranar kawai. Shi ya sa idan baƙo ya yi sallama, abin da ya rage minti goma ne da gaske.

Bugun shi ne sirrin. Kofi guda na cukun, man zaitun cokali 2, ɗan gishiri, sai ki kankare koren ɓawon lemun tsami kaɗan, ban da farin cikin don ɗaci gare shi. Idan ya yi tauri ki ƙara kindirmo cokali guda. A blanda minti 2 ya isa. Ranar da babu wuta na ɗauko maburgi, irin wanda ake burga nono da shi, na yi ta murzawa a tafin hannu kamar minti biyar, ya yi. Wallahi na ji daɗin ranar, ganin maburgin da Inna ta sa mini a kayan aure yana aikin abincin Italiya ba tare da wata matsala ba. Alamar ya yi ita ce tsakin-tsakin ya ɓace, idan kin ɗaga cokali ya tsaya bai zuba ba.

Wasu za su ce me ya sa ba za a yi da wara ba, wadda Fulani ke yi da ruwan tumfafiya? Na gwada. Idan sabuwa ce ta ranar, tana yi, sai dai ba ta yin laushi kamar wancan, tana son kindirmo da yawa kafin ta saki jiki. Busasshen cukun Nijar kuwa ba nan ne wurinsa ba, a bar shi ga shayi da kunu.

Burodi shi ne inda mu 'yan Najeriya muke da rauni. Namu mai yanka-yanka yana da sukari da taushi, da ya ji danshi sai ya kwanta. A nan 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun fi mu sa'a, don dogon burodin nan irin na Faransa mai tauri a baya da suke saya kowace safiya, shi ne daidai wannan aikin. Idan namu ne kawai a hannunki, ki nemi wanda ba a yanka ba, wanda ya kwana, ki yanka da kauri kamar yatsa, ki gasa a busasshen kasko ko kan waya bisa gawayi har ya yi ja ya yi ƙaras. Yana da zafi ki goga masa ɓarin tafarnuwa sau ɗaya, ba sau biyar ba.

Abin da za a ɗora a kai, nan kowa da ra'ayinsa. Ni biyu nake yi. Na gishiri: tumatir nunanne a yanka ƙanana, gishiri, masoro, ganyen ɗoɗɗoya kaɗan a yayyage. Na zaƙi: a bar tafarnuwar, a ɗiga zuma, a yanka dabino, a barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Wannan na dabinon shi nake son mu gwada a buɗa baki, a rage wa ciki mai bayan wuni da azumi. Sai dai a tuna, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma.

Wata aminiyata ta ce mini, "Hajiya, ai idan na ba dangin mijina burodi da cuku sai su ce na raina su." Na fahimci tsoronta, ba ƙaramin abu ba ne a gidan aure a ce ba ki iya karɓar baƙi ba. Amma ni ban ce a soke tuwo ko shinkafa ko naman da za a ci daga baya ba. Abin taɓawa nake magana, wanda aikinsa ya riƙe mutum na rabin awa. Kuma idan raini ake gudu, wanne ya fi kama da raini, a ba ka abu mai sauƙi a zauna da kai ana tambayar ka mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ko a cika maka tebur a bar ka kana kallon bango? Wata kuma ta ce man zaitun ya yi tsada. Haka ne, ya yi. Amma cokali biyu ne, ki kwatanta da kwalbar man gyaɗan da kike juyewa a kasko don samosa. Idan ma babu, soyayyen man shanu rabin cokali yana ba da ƙamshin da ni na fi so, ko da mutanen Lazio ba za su amince ba.

Masu cewa abincin Turawa ne, ba namu ba, ina roƙon su duba farantin da suke karewa. Samosa daga Indiya da ƙasashen Larabawa ta iso mana. Burodi da shayin da muke karyawa da su kullum baƙi ne. Mu da muke da shanu da nono da zuma da riɗi, wannan abincin ya fi kusa da abin da ƙasarmu ke bayarwa fiye da yawancin abin da muke soyawa da fulawar da alkamarta ma daga waje ake shigo da ita.

Kuskure ɗaya da za ki kiyaye: kada ki shafa cukun a burodi tun baƙi ba su zo ba, zai jiƙe ya zama kamar kwaɓi. Ki kawo burodin a faranti, cukun a ƙaramin kwano, tumatir da zuma a gefe, ki zauna a gabansu kina shafawa kina miƙawa.

Watan jiya Gwaggo ta sake zuwa, ganin likitan ido ya kawo ta. Na aika mata tun kafin ta taso cewa ta riƙo mini dogon burodi guda biyu. Ya iso ya yi tauri, daidai yadda nake so. Na gasa a kan gawayi a tsakar gida, tana zaune kusa da ni a tabarma tana ba ni labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu. Na tumatir ɗin ta ce tafarnuwa ta yi mata yawa. Na dabino da zuma ta ci guda huɗu, ta ce na zuba mata sauran cukun a roba za ta kai wa Kawu. Ba ta tashi ba sai bayan Isha'i.